Zaɓen Jita da Fara Koyonta

Jita wani abin kiɗa ne mai tsirkiya shida. Wanda ya san molo ko garaya, in ya gan ta ba zai ce baƙuwa ce ƙwarai ba, gama gininsu kusan ɗaya ne. Akwai ciki mai rami wanda ke ƙara amo, akwai dogon wuya, akwai kuma tsirkiyoyi da aka ja bisa jaki. Amma kuntigi tsirkiyarsa ɗaya ce, garaya biyu, molo uku, ita kuwa jita shida. Ba a kuma rufe cikinta da fata, da siririn katako ake rufe shi, a bar rami zagayayye a tsakiya. A bisa wuyanta an kakkafa waɗansu siraran ƙarafa a gicciye kamar matakan tsani. Su ne matakan jita. In aka danna tsirkiya a bayan wani mataki, sai tsawonta ya ragu, muryarta ta ƙara sama.

A ƙasar Sifen jita ta yi girma. Wajen shekarar 1800 aka daidaita a kan tsirkiya shida. Bayan haka wani masassaƙi mai suna Antonio de Torres, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1892, ya faɗaɗa cikinta, ya sa katakon fuskarta ya yi sirantaka, har muryarta ta cika ɗaki. Siffar da ya ba ta ita masassaƙa suka yi ta bi. A zamaninsa da hanjin tumaki ake yin tsirkiya. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1947, aka fara yin ta da nailan, wanda ya fi araha, ya kuma fi jimrewa.

Yaron da zai fara koyo, abu na farko da zai fuskanta shi ne zaɓen jita. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kuɗin jita ba kuɗin alewa ba ne, sau da yawa uba yakan daɗe yana tari kafin ya haɗa su. In aka sayo wadda ba ta dace ba, yaro zai yi ta fama, yatsunsa su yi ciwo, murya kuwa ta ƙi fita. Bayan 'yan makonni sai ya jingine ta a lungu, ya ce shi ba shi da baiwar kiɗa. Alhali kuwa laifin ba nasa ba ne, na jitar ne.

Jita iri uku ce. Akwai mai tsirkiyar nailan, irin ta mutanen Sifen. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta bunƙasa a Amurka. Akwai kuma ta lantarki, wadda aka fara yi a Amurka jim kaɗan bayan 1930. Ta lantarkin tana da daɗin dannawa, amma ba ta da murya sosai sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti, shi kuma sai da wuta. Watau sayayya biyu ke nan, ran da babu wuta kuma babu kiɗa. Mai tsirkiyar ƙarfe muryarta garau take, tana jin nisa, shi ya sa samari suke son ta. Amma tsirkiyoyinta a ɗaure suke tam, jan da suke yi ya kusa ninka na nailan biyu, suna kuma yankar yatsun da ba su saba ba. Saboda haka malamai da yawa sukan fara wa ƙananan yara da mai nailan. Wuyanta ya ɗan fi faɗi, gaskiya ne, amma tsirkiyarta laushi gare ta.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a kiyaye. In tsirkiyar nailan ta tsinke, kada a ce ai tsirkiya tsirkiya ce, a sa ta ƙarfe a gurbinta. Jitar da aka yi domin nailan ba ta iya ɗaukar jan ƙarfe. A hankali wuyanta zai lanƙwashe, ko jakin ya ɓamɓare ya taho da fuskar katakon.

Bayan iri, sai girma. Jitar manya tsawon tsirkiyarta daga jaki zuwa ƙarshen wuya santimita 65 ne. Akwai wadda ba ta kai haka ba, mai wajen santimita 58, akwai kuma ƙarama mai wajen 53. Iyaye sukan sayi riga da ɗan yalwa su ce yaro zai girma ya cika ta. Wannan dabara ce mai kyau ga riga, amma ba ta yi ga jita. Yadda ake gwadawa shi ne yaron ya zauna a kujera, ya ɗora jitar a cinyarsa, ya miƙa hannun hagu ya kama matakin farko. In ya kai ba tare da ya miƙe gwiwar hannunsa sarai ba, hannun dama kuma ya sauko bisa tsirkiya ba tare da ya ɗage kafaɗa ba, to, ta yi masa. In kuwa sai ya yi ta miƙa kamar mai tsinkar mangwaro, a nemo ƙarama.

Amma abin da ya fi duka muhimmanci shi ne wanda ido bai cika lura da shi ba, watau tazarar da ke tsakanin tsirkiya da matakai. Mai saye yakan tsaya kallon fenti da ƙyalli da zanen da aka yi a bakin rami. Duk waɗannan ba su kiɗa. Sai a ƙidaya matakai daga ƙarshen wuya har a kai na 12, a duba ta gefe. A jitar nailan mai kyau, tazarar tsirkiya da wannan mataki ba ta wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar kaurin tsinken ashana biyu in an ɗora ɗaya bisa ɗaya. A mai tsirkiyar ƙarfe ma ba ta kai haka ba. In fensir ya shige ƙarƙashin tsirkiya a wurin salin alin, to, a ajiye wannan jita ko da kyauta aka bayar. Babban mutum ma sai ya yi da ƙarfi kafin ya danne ta, balle yaro ɗan shekara tara. In kuma tsirkiya ta kwanta ƙasa ainun, sai ta riƙa gogar ƙarafa tana zuzu kamar ƙudan zuma. Shi ya sa ake bin tsirkiya ɗaya ɗaya, ana danna kowane mataki ana saurare.

Matakin nan na 12 yana da wani abin mamaki. A nan ne daidai rabin tsirkiya. Tsirkiya mafi kauri, in aka kaɗa ta a sake, tana rawa wajen sau 82 a daƙiƙa ɗaya. In aka danne ta a mataki na 12, sai rawarta ta ninka biyu. Muryar da za a ji ita ce dai ta farko, sai dai ta yi sama, kamar yadda yarinya ke rera waƙa tare da ubanta, waƙa ɗaya amma muryarta ta fi tasa siriri. In muryoyin nan biyu suka saɓa wa juna, alama ce ba a kafa jaki ko matakai a inda ya kamata ba. Irin wannan jita, ko an kwana ana daidaita ta, ba za ta yi daɗi ba, za ta kuma ɓata kunnen mai koyo tun yana ƙarami.

Ba lalle sai sabuwa ba. Tsohuwar jita da aka riƙe da kyau ta fi sabuwa marar kirki. Sai dai a ɗaga ta a hango wuyanta daga ƙarshe, yadda masassaƙi ke hangen katako, a ga ko ya miƙe. A gwada tura takarda ƙarƙashin jaki, in ta shiga, ya fara ɗagowa. A murɗa mamurɗan nan shida da ke ɗaure tsirkiya, a ji ko suna riƙewa. A kuma tafi da wanda ya iya kiɗa, gama kunnensa zai ji abin da mai kanti ba zai faɗa ba. Yaron da yake bahago a faɗa tun kafin a saya, don akwai jitar da ake yi dominsu.

In jita ta shigo gida, aikin farko shi ne daidaita tsirkiyoyinta. Kowace tana da muryarta da sunanta. Daga mai kauri zuwa siririya, masu bin hanyar Ingilishi suna kiransu E, A, D, G, B, E. A ƙasashen da ake karatu da Faransanci, kamar Nijar, sai a ce mi, la, re, sol, si, mi. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a kan jita, tana nuna ko tsirkiya ta yi sama ko ta yi ƙasa, akan kuma sa irinta a cikin wayar hannu. Sabuwar tsirkiyar nailan takan yi kwanaki tana saki kafin ta zauna, saboda haka kada yaro ya tsorata in ya ga kullum sai an sake ɗaure ta.

Darasin farko ba waƙa ba ce. Zama ake koya, da riƙo. A yanke faratan hannun hagu ƙwarai, don da kan yatsa ake dannawa, dab da bayan ƙarfen mataki, ba bisa kansa ba. Babban yatsa yana bayan wuya yana tokare. Sa'an nan a koyi kaɗa tsirkiya ɗaya har muryarta ta fita tas. Bayan wannan sai haɗin muryoyi, watau a danna tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda, a kaɗa su tare. Koyon haɗi ɗaya ba wuya. Wuyar tana wurin tashi daga wannan haɗi zuwa wancan ba tare da kiɗa ya tsaya ba. A nan yara da yawa suke gajiya. Maganinsa a yi a hankali ƙwarai, a hankalin da har zai ba mai saurare haushi, ana ƙidaya ɗaya, biyu, uku, huɗu, ana buga ƙafa a ƙasa. Sauri shi ke zuwa da kansa.

Yatsu za su yi zafi, babu makawa, ko da jita ta yi kyau. Amma bayan 'yan makonni kan yatsun yakan yi kanta, kamar hannun manomi da ya saba da fartanya, zafin ya wuce. Minti 15 kowace rana bayan an gama aikin makaranta ya fi awa biyu ran Asabar kaɗai, don in aka daɗe ba a taɓa ba, kantar takan baje, a koma farko. In kuwa ciwon a wuyan hannu yake ko a kafaɗa, wannan ba na sabo ba ne. Riƙon ne bai yi daidai ba, sai a tsaya a nuna wa malami. Amfanin malami ke nan wanda littafi ko majigin waya ba su da shi: yana ganin hannun yaro.

Wanda bai sami kuɗin jita ba tukuna, akwai labarin waɗanda suka riga shi. Mdou Moctar, Ba'abzinen makaɗin nan na Nijar wanda ya kai kiɗansa har Turai da Amurka, da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Shi kuwa bahago ne. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro, ya daɗe yana aron jitar mutane, bai mallaki tasa ba sai a 1968. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya yi suna. Yaron da ya saba da gurmi ko kuntigi ya riga ya sami kunne da kari, in ya zo ga jita sai koyon wurin sa yatsu.

Saura kiwon jitar. Katakonta siriri ne, kaurin fuskarta bai wuce milimita 3 ba, yana shan laima yana kuma bushewa. A ƙasashe masu hunturu, lokacin da iska ke fasa leɓe da diddige, haka take fasa jita. Kada a bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko cikin mota a rufe. In an gama kiɗa a share tsirkiya da busasshen ƙyalle, a mayar da ita cikin jakarta. Da hunturu akan jiƙa ɗan soso, a matse shi sosai, a sa cikin ƙaramar roba mai huji-huji, a ajiye a jakar yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Bayan kwana biyu ko uku a duba, in soson ya bushe a sake jiƙa shi.