Katse Hanzari a Matsayin Gwaninta: Nazarin Zance a Fim ɗin *His Girl Friday*

Malaman makarantu su kan hori yara da cewa idan wani yana magana a saurara har ya kai aya. To, ga wani fim na Amurka wanda 'yan wasansa ba su cika barin juna su kai aya ba, amma shekaru fiye da tamanin ke nan ana kallonsa ana dariya. Dalilin haka shi na ke so mu duba.

Kamfanin Columbia ne ya fitar da *His Girl Friday* a 1940, Howard Hawks ya ba da umarni. Yana cikin jinsin finafinan ban dariya da Amurkawa ke kira *screwball*, sunan da suka aro daga wata irin jifa mai karkacewa a wasan ƙwallonsu na besbol. Jinsin ya bunƙasa ne daga 1934, shekarar da aka tsananta dokar tace finafinai a Hollywood. Da aka taƙaita abin da za a iya nunawa tsakanin mace da namiji, sai marubuta suka mai da soyayya ta koma cacar baki.

Asalin labarin wasan kwaikwayo ne na 1928, *The Front Page*, na Ben Hecht da Charles MacArthur, inda edita da ɗan rahotonsa duk maza ne. Hawks ya mai da ɗan rahoton mace. Hildy Johnson (Rosalind Russell) ta zo ofishin jarida ta gaya wa tsohon mijinta kuma editanta, Walter Burns (Cary Grant), cewa gobe za ta auri wani ma'aikacin inshora, Bruce, su koma garin Albany. Walter kuwa ba ya son rasa matar, ba ya kuma son rasa gwanar 'yar jaridarsa, har ma ba a iya rarrabe wadda ta fi damunsa. Sai ya jefa ta cikin labarin wani Earl Williams da za a rataye da safe, ya kuma yi ta ƙulla wa Bruce sharri ana kama shi.

Abin da ya shafe mu, mu masu nazarin harshe, shi ne yadda a ke maganar. A 1974 Sacks da Schegloff da Jefferson suka bayyana ƙa'idojin karɓa-karɓar zance: galibi mutum ɗaya ke magana, mai sauraro kuwa yana kirdadon inda jimla za ta ƙare don ya shigo. Hawks ya san wannan a aikace tun kafin a rubuta shi. Ya sa aka ƙara kalmomi marasa nauyi a farkon jimla da ƙarshenta, domin idan muryoyi suka hau kan juna, waɗannan ne za su nutse, cibiyar maganar ta tsira. Watau hayaniyar shiryayya ce. Mai kallo yana jin kamar ana rububi, alhali babu abin da ya ɓace masa na labarin.

Sa'an nan a lura da wanda ke iya katse wa. Ba ka shiga bakin mutum daidai gaɓa sai ka san inda ya dosa. Hildy da Walter suna yin haka ga juna ba kuskure, kowa na cafe jimlar ɗan'uwansa tun ba ta faɗi ƙasa ba. Bruce, bawan Allah, mai ladabi ne: ya kan jira a gama, ya yi magana a hankali, ya kai aya. Tun kafin labari ya faɗa mana kome, kunne ya riga ya yanke hukuncin wanda ya dace da wa. Wanda ya san wasan taubasai ba zai yi mamaki ba, don a can ma baƙar magana shaidar kusanci ce, bare shi a ke yi wa ladabi. Masanin falsafa Stanley Cavell, a littafinsa na 1981, ya sa fim ɗin cikin waɗanda ya ce jigonsu kome ne, ba sabon aure ba.

Amma fa ba zan ɓoye ba, akwai abin da saurin nan ya ke lulluɓewa. Magajin gari yana son a rataye Williams don neman ƙuri'a, har ya nemi sayen manzon da ya kawo takardar jinkiri daga gwamna. Wata mata, Mollie Malloy, ta faɗa ta taga sabo da matsin 'yan jarida, kafin mai kallo ya gama jin zafin abin an koma kan wayar tarho. A ganina wannan ba sakaci ba ne. An sa mu cikin halin 'yan jaridar ne, mu ma muna gaggawa. Walter kansa maƙaryaci ne, kuma fim ɗin bai shiryar da shi ba. Da suka shirya komawa aure, Hildy ta so su tafi hutun amarci Niagara, sai labarin yajin aiki ya zo, suka nufi Albany, ita ce kuma ke riƙe da akwati.