Tsakanin Ciyayya Da Ƙiyayya Harafi Ɗaya Ne

A Kakuri da ke kudancin garin Kaduna na tashi, a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, mahaifina kuma yana cikin dubban ma'aikatan da ke cin abinci a can. Gidan haya muke zaune, katanga ɗaya ta raba mu da wata Bayarabiya Kirista wadda duk yaran layinmu ke kira Iya. Ba a yin kwana uku ba a aike ni gidanta da tuwon shinkafa da miyar taushe ko waina ba, ita kuma ba ta taɓa mayar mana da kwano wayam ba. Wata rana alala ce, wata rana amala da miyar ayayo. A Sallar layya ita ake fara cire wa nama, ranar Kirsimeti kuwa shinkafarta ce abincin ranarmu, kuma kajin da za ta dafa mahaifina take kawo wa ya yanka, domin kada zuciyarmu ta yi ɗar.

Wannan al'ada ita Hausawa ke kira ciyayya. A ilimin ginin kalma, ɗafa-ƙeyar nan ta "-ayya" tana nuna aikin da ake yi wa juna, kamar yadda muke gani a soyayya, jayayya, cinikayya da auratayya. Ke nan ciyayya ba sadaka ba ce, domin ita sadaka daga hannun sama take gangarowa zuwa na ƙasa, alhali ciyayya tsakanin tsara da tsara ake yin ta. Mai karatu zai kuma lura cewa tsakanin ciyayya da ƙiyayya harafi ɗaya ne kacal.

Harshenmu da kansa shaida ne cewa kakanninmu ba su rufe ƙofar madafinsu ba. Alkubus daga kalmar Larabci ta burodi ya samo suna, haka alkaki da gurasa da shayi duk daga Larabci suka shigo, galibi ta hanyar fataken hamada waɗanda zuriyarsu ke nan har yau a unguwannin Kano irin su Alfindiki da Dandalin Turawa. Alala da agushi da teba daga Yarbanci muka aro su, burabisko daga Borno ya zo mana, fanke kuwa daga Turanci. Mu ma mun bayar. Duk wanda ya je Ghana zai tarar da koko da ƙosai a bakin titin Ankara da Kumasi, zai tarar da tuwon zafi, da kuma dafa-dukan shinkafa da wake da suke kira da sunan wake na Hausa. Tun a 1947 Joseph Greenberg ya yi nazari a kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, amma abin da irin wannan nazari bai cika faɗa ba shi ne, sunan abinci ba ya shiga harshe sai abincin ya shiga baki, kuma ba ya shiga baki sai wani ya yarda ya ci abin da ba a gabansa aka dafa ba.

To, wannan yarda ita ce muka yi asara. Rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya tashe mu daga Kakuri zuwa Tudun Wada, kamar yadda ya tashi wasu daga arewacin kogi zuwa kudancinsa. Rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya su ma sun raba unguwanni. Ban sake ganin Iya ba. An yi ta ƙidayar rayuka da gidajen da aka rasa, kuma ya dace a yi, amma babu wanda ya ƙidaya kwanukan da suka daina tsallaka katanga. Yaron da aka haifa bayan wannan lokaci yakan kai jami'a bai taɓa ɗanɗana girkin gidan da ba na ƙabilarsa ba, sai dai abin da ya ji ana faɗa a kansu, wanda yawanci ba alheri ba ne.

Ba zan ɗora laifin a kan talakawa ba, domin mu 'yan boko mun fi kowa. Shekara uku muna maƙwabtaka da wani malamin kimiyya ɗan ƙabilar Ibo a gidajen ma'aikatan jami'a, muna ɗaga wa juna hannu daga cikin mota, muna gabatar da maƙaloli a kan haɗin kan ƙasa, amma ko ƙosai ɗaya bai taɓa tsallaka shingenmu ba. Ranar da nake ba 'yata labarin Iya, sai ta ce, "Baba, to mu me ya sa ba ma kai wa su maƙwabtanmu?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Da Sallar da ta biyo baya, uwargida ta zuba dambun shinkafa da soyayyen nama aka kai. Bayan kwana biyu kwanon ya dawo da sakwara da miyar agushi, tare da saƙon cewa naman daga wurin mahaucin da muke saye aka sayo shi. Wato su ma sun daɗe suna so, tsoron kada mu ƙi karɓa ne ya hana su.

Na san akwai masu shakku ta fuskar addini, kuma ba na raina shakkunsu. Sai dai aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, kuma hadisin Abu Zarri da ke cikin Sahihu Muslim ya yi umarni da a ƙara ruwan miya domin maƙwabci ya samu. Abin da ya haramta sananne ne, kuma maƙwabcin kirki zai kiyaye shi idan aka sanar da shi cikin mutunci, kamar yadda Iya ta kiyaye. Na kuma san tsadar kayan masarufi ta sa tukunya ta ƙanƙance, amma iyayenmu da albashin leburan masaƙa suka riƙe wannan al'ada.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙafar yaron da aka aika da kwano ita ma ƙafa ce, kuma yaron da ya saba sallama a ƙofar maƙwabci da wuya wani ya ba shi ashana ya ce ya je ya cinna wa ƙofar wuta. Allah Ya sa mu gyara.