Hoto Mai Nauyi, Kuɗin Datar Wani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Tsafe yana ɗaga waya sama don sabis ya kama, ya san shafin intanet ma kaya ne, akwai mai sauƙi akwai mai nauyi. Jihar da Tsafe ke ciki, wadda aka katse wa layukan waya baki ɗaya a watan Satumbar 2021, ba sai an gaya mata darajar sabis ba. Rubutu ba ya cin data sosai, hotuna ne ke shanye ta. Hoto guda na wayar zamani kan kai megabait uku ko huɗu. In mai shafi a Gusau ya ɗora shi yadda yake, mai karatu a Bungudu ne zai biya.

Maganin shi ne matse hoto, amma kowane hoto da mazubin da ya dace da shi. JPEG, da aka fitar a 1992, yakan raba hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas tsaye, takwas kwance, sannan ya zubar da abin da ido ba ya kula da shi. Ɗauki hoton Dutsen Kwatarkwashi, ka sauke ma'aunin ingancinsa daga 100 zuwa 80: nauyi zai zube, ido bai ankara ba. Ka kai shi 20 kuwa, sai sararin sama ya koma faci-faci, bakin dutsen ya yi dishi-dishi. PNG, na 1996, ba ya zubar da komai. Shi ya sa ya dace da tambari da zane mai rubutu, amma hoton taron biki a cikinsa jibgegen kaya ne.

A 2010 Google ya fito da WebP, daga baya ya ce yana rage kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari na nauyin JPEG mai inganci iri ɗaya. AVIF, na 2019, kan fi shi matsewa, sai dai ba kowace tsohuwar waya ke buɗe shi ba.

Kafin duk wannan, a fara rage girma. Hoto mai faɗin ɗigo 4000 ɓarna ne a allon da bai wuce tafin hannu ba. 1200 ya wadatar. In an gama, kada a gwada shafin a kwamfutar ofis. A ari ƙaramar waya, a fita bayan gari inda sabis ke rawa, a buɗe. In hoton ya fito kafin mai wayar ya yi tsaki, aiki ya yi.