Mai Son Kiwon Kifin Teku A Kontagora Sai Ya Fara Haɗa Tekun

Duk wanda ya taɓa shiga wani babban otal a Legas ko Abuja, watakila ya ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa a ciki. Wannan akwati shi Turawa ke kira akwariyom. Iri biyu ne: akwai na kifin kogi, akwai na kifin teku. Na tekun ya fi kyaun gani, ya kuma fi cin kuɗi da wahala, balle ga mutumin Kontagora, wanda tsakaninsa da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 500 ta Mokwa da Jebba da Ilori. Tun da ba shi da inda zai ɗebo ruwan teku, tilas ya haɗa shi da hannunsa, ya kuma tsare shi dare da rana.

Wannan sha'awa ta samo asali ne daga Ingila. A shekarar 1846 wata mace mai suna Anna Thynne ta fara ajiye halittun murjani da ransu a gidanta na London, ana juya musu ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shiga. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi a gidan namun daji na London, a 1854 kuma masanin halittu Philip Henry Gosse ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku a gida.

Dalilin wannan ɗawainiya yana jikin kifin ne. Tarwaɗa da karfasa jininsu ya fi ruwan kogi gishiri, saboda haka ruwa ke ratsawa cikin jikinsu, su yi ta fitar da shi. Kifin teku kuwa ruwan da ke kewaye da shi ne ya fi jininsa gishiri, yana tsotse masa ruwan jiki, don haka yake shan ruwa kullum yana fitar da gishirin. In aka sa shi a ruwan rijiya, ba zai daɗe ba zai mutu.

GISHIRI DA RUWA

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Watau akwatin da ke cin lita 200, kimanin durom guda, yana bukatar kilo 7. Amma fa gishirin miya ba ya yi, haka ma manda da kanwa, domin gishirin teku gauraye ne da wasu sinadarai kamar magniziyam da kalsiyam da fotasiyam, kowanne da gwargwadonsa. Akwai wanda kamfanoni ke haɗawa musamman don wannan aiki, shi ake saya, tare da ma'aunin da ke nuna nauyin ruwan. Ana so ma'aunin ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.026.

Ruwan da za a dama gishirin da shi ma abin lura ne. Na famfo yakan zo da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuwa sukan ɗauko ƙarfe ko ragowar takin zamani. Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace da na'ura irin wadda manyan masu yin ruwan leda ke aiki da ita. Sa'an nan a tuna cewa lita 200 ta fi kilo 200 nauyi, ban da yashi da duwatsu, don haka sai a kan teburi mai ƙwari, nesa da taga mai shan rana.

KADA A YI GAGGAWA

Kuskuren da ya fi kashe kifi shi ne a cika akwati yau, a zuba kifi gobe. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, wadda guba ce. A teku yawan ruwa ke shanye ta, a cikin akwati kuwa ba ta da wurin zuwa. Masu kawar da ita su ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da yashi. Waɗansu su mayar da ammoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, waɗansu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita akan ɗauki mako 4 zuwa 6, ana ɗan jefa abincin kifi a akwatin da babu kowa, ana gwada ruwan, har gubar biyu su ɓace. Daga nan a sa kifi ɗaya ko biyu, a dakata makonni kafin a ƙara. Sauri dai kan haifi nawa.

ZAFI, HUNTURU DA WUTA

Kifayen da ake ajiyewa sun saba da ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. A Kontagora kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafi kan doshi digiri 40. Ruwa in ya yi zafi iskar numfashi da ke cikinsa takan ragu, ga shi kuma da ma ruwan gishiri bai kai na kogi riƙe iska ba. Maganin wannan shi ne ɗaki mai sanyi, da fanka mai hura saman ruwan, ko kwalbar ƙanƙara a rufe a jefa ciki.

Da hunturu kuma wata matsala ce. Busasshiyar iska takan ɗauke ruwan ta bar gishirin, sai ya yi yawa. A nan ruwa zalla ake ƙarawa, ba mai gishiri ba. Mai gishiri sai lokacin sauyi, watau duk mako biyu a kwashe kamar lita 20, a mayar da sabon haɗi mai giram 700.

Babbar barazana ita ce ɗaukewar wuta. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, tana cikin Jihar Neja ne, amma kowa ya san kusanci da ita bai hana zama cikin duhu ba. Injin da ke juya ruwan akwati in ya tsaya na 'yan sa'o'i a ranar zafi, kifin da aka kashe wa dukiya na iya ƙarewa. Saboda haka batir da inbata ko sola suna gaba da sayen kifi. In duka suka gaza, sai a koma dabarar Anna Thynne, a riƙa kamfatar ruwan ana tsiyaya shi daga sama kamar mai fifita shayi. Haka nan kada a fesa maganin sauro a ɗakin, domin guba ce ga kifi.

INA KIFIN KE FITOWA?

Yawancin kifayen ado na teku kamo su ake yi daga ƙasashe irin su Indonesiya da Filifin, inda wasu masunta ke sumar da su da gubar sayanaid, abin da ke kashe murjani, ya kuma bar kifin da ciwo. Daga can a ɗauro su a leda mai iska, su shigo jirgin sama, kafin doguwar tafiyar mota. Wanda ya fi jure wa sabon shiga shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da shi, domin ana iya kiwata shi a gona ba sai an kamo daga teku ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe akwatin kifi ba, makaranta tana kusa. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta faro a 1968 a matsayin shirin binciken Tafkin Kainji. Kogunan Nijeriya kuma suna da kifayen da Turawa ke saye don ado, kamar mai dogon baki da suke kira hancin giwa, da wani ƙurungu mai iyo a rigingine. Waɗannan ba sa bukatar gishiri, ba su kuma sha doguwar tafiya ba. Wanda ya riƙe su shekara guda, ya ƙetare bazara da hunturu ba su mutu ba, ya san halin ruwansa da na wutar unguwarsu, kuma a lokacin ne zai iya lissafin ko aljihunsa da lokacinsa za su ɗauki nauyin na teku.