Praline: Sunan Alawa Ɗaya, Ma'ana Uku

Wanda ya nemi "praline" a Faransa, gyaɗar almon za a miƙa masa, lulluɓe da ƙonannen sukari, kamar gyaɗa mai suga ta bakin kasuwa. A Beljiyam ɗan curin cakulan zai samu, da wani abu mai laushi a cikinsa. A New Orleans ta Amurka kuwa alawa ce faffaɗa ta sukari da madara da 'ya'yan itacen pecan. Tarihin kalmar ya nuna cewa dukansu ukun suna da gaskiya, domin masu amfani da kalma su ke ba ta ma'ana.

Asalin sunan na mutum ne: César de Choiseul, mai sarautar Plessis-Praslin, babban hafsan sojan Faransa da ya rayu daga 1598 zuwa 1675. Ana danganta ƙirƙirar alawar ga mai dafa masa abinci, sai dai sunan ubangida ne ya bi ta, kuma garin Montargis ya shahara da ita har yau. Babu ko ɗigon cakulan a wannan ta farko. Da Faransawa suka zauna a Louisiana, inda pecan da rake suka wadata, sai pecan ya maye gurbin almon, kuma a ƙarni na 19 mata baƙaƙen fata suka riƙa tallarta a titunan New Orleans. Cakulan ya mamaye sunan ne a 1912, lokacin da Jean Neuhaus na Brussels ta Beljiyam ya yi ɓawon cakulan ya cika shi. Kakansa ya buɗe kantin magani a birnin a 1857, yana shafe magunguna da cakulan don rage musu ɗaci.

Wasu za su ce ta Faransa ce kaɗai ta gaskiya tunda ita ce farko, saura aro ne. Amma da asali ne ke mulkin ma'ana, da Bahaushe bai kira kowace alawar kanti "minti" ba, alhali a Turanci sunan na'ana'a ne. Ita kanta "alawa" daga Larabci muka aro ta, muka raɗa wa ta madara da ta gyaɗa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne mai saye zai iya ruɗewa. Wannan gaskiya ne, maganinsa kuma bayani a jikin kwali. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta tanadi cewa abin da za a sayar da sunan praline a rukunin cakulan ya zama loma guda, kuma cakulan ya kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na nauyinsa.

Don haka kada mai karatu ya yi gardama kan wacce ce ta ainihi. In ya ci karo da sunan, ya fara tambayar daga wace ƙasa alawar ta fito, sannan ya duba abin da aka haɗa ta da shi.