Ƙauyen Da Aka Tasa Domin Ginin Da Ba A Gama Ba

A arewacin ƙasar Polan, bakin tafkin Zarnowiec, akwai wani kango na siminti da ƙarafa wanda ruwa ya kwanta a cikinsa. A da, ƙauyen Kartoszyno ne a wurin. Gwamnatin 'yan gurguzu ta tashi mutanensa, a 1982 kuma ta fara gina tashar lantarki ta nukiliya mai injuna huɗu irin na Tarayyar Sobiyat. Lokacin dokar soja ce, wa zai buɗe baki?

Sai tashar Carnobil ta fashe a Afrilun 1986. Tsoro ya kama jama'a, matasa suka yi ta zanga-zanga, wasu har da yajin cin abinci. Da mulkin gurguzu ya faɗi, aka yi ƙuri'ar raba gardama a lardin Gdansk a Mayun 1990. Kashi 86 cikin ɗari na masu ƙuri'ar suka ce ba sa so. Kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da aikin.

Mukan karanta misalin mai gina hasumiya cikin Luka 14, mu yi wa maginin dariya. Ni dai mutanen Kartoszyno nake tunawa. Ba a shawarce su ba, gonakinsu sun tafi, kuma ko ƙwan lantarki ɗaya tashar ba ta kunna ba.