Jawabi Tuƙin Tuwo Ne

Wanda aka ajiye wa malmala a gaba ba ya tambayar wa ya surfa dawar, wa ya bakace, wa ya kai niƙa. Hannu kawai zai wanke ya kai loma, in kuwa da tsakuwa a ciki haƙorinsa ne zai fara shaida. Mai sauraron jawabi ma haka yake. Tun da na fara tsayawa gaban jama'a, ban ga abin da ya yi kama da wannan aiki ba irin tuƙin tuwo.

An taɓa neman in yi wa mutanen unguwarmu bayani kan zazzaɓin cizon sauro, gab da faɗuwar damina. Kafin uwargida ta ɗora sanwa, sai ta san baki nawa za su ci. Ni ma da nan na fara: su wa za su zo, kuma wane lokaci aka ba ni? Aka ce magidanta ne da matasa, a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Wannan amsa ce ta auna mini garin.

Sai tankaɗe, aikin da ya fi ciwo. Na tara bayanai tuli, har da yadda likita Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897. Duk gaskiya ne, amma a wannan zama tsaki ne, rariya ta riƙe. Abu uku kaɗai suka ratsa: macen sauro ce ke cizo, ruwa kwantacce take nema ta zuba ƙwai, kuma a zafi irin namu ƙwan kan zama sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Cika tukunya ba shi ne gwaninta ba. A Gettysburg ta Amurka a 1863, Edward Everett ya shafe awa biyu yana zuba zance, shugaba Abraham Lincoln ya yi nasa cikin kamar minti biyu, kuma nasan ake ta maimaitawa har yau.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na riƙa shiga ɗaki ina faɗin jawabin a bayyane, agogon waya na ƙirga mini lokaci. Ido ba ya ganin gudaji a takarda, harshe ne ke cin karo da shi. Duk jimlar da ta sarƙe mini numfashi sai in dama ta, in raba ta biyu.

Ranar taro, da mai gabatarwa ya miƙo mini lasifika, gabana ya shiga dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, takardar hannuna na karkarwa. Wannan fargaba wuta ce, kuma tuwo ba ya tuƙuwa a murhu mai sanyi. In ta yi yawa, zare itace ɗaya ake yi, ba a kashe ta ba: in ja dogon numfashi, in kurɓi ruwa, in nemi fuskar da ta sake in fara da ita.

Talge ke gaba. "Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malamai, iyayena da yayyena, ƙannena matasa." Gaisuwa da 'yar shimfiɗa mai ruwa-ruwa, har kunnuwa su ɗauki zafi. Daga nan a riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan, muciya na juyawa. Wanda ya juye komai lokaci guda, sai dai jama'a su tauna ƙulalai.

Mai tuƙi ba ta ɗauke ido daga tukunya, mai jawabi kuma fuskoki ne tukunyarsa. Da na ga wani dattijo ya koma jan carbi, matasan baya sun sunkuya kan waya, na san gaya nake ba su. Sai na kawo miya: na nuna ramin da aka ɗebi ƙasar gini a bayan makarantar allo, wanda kowa ke ratsawa ta gefensa kullum, na ce ga gidan haihuwar sauronmu can. Nan take kawuna suka ɗago, aka yi dariya, wani ya ce, "Wallahi gaskiya ne, Malam!"

Saura kwashewa. Tuwon da ya wuce lokacinsa a wuta ƙauri yake yi, jawabin da aka ce "daga ƙarshe" sau uku a cikinsa ma ya kama ƙasa. Na faɗi abu ɗaya da nake roƙo, a fito ranar Asabar a cike ramin nan kafin ruwa ya zauna, na yi addu'a na koma mazaunina.

"Sannu da ƙoƙari" da ake yi wa mutum bayan taro ba ma'auni ba ne, domin Bahaushe ba ya kushe girki a gaban mai shi. Uwargida kwano take dubawa, ta ga ko ya dawo wayam. Mai jawabi kuma ya jira Asabar, ya ga mutum nawa za su fito da shebur.